Babi Na Uku: Matsayin Kareti A Gasar Gaurayen Faɗa

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a duba irin rawar da kareti ya taka a gasar gaurayen faɗa, wato wasan nan da aka fi sani da MMA a taƙaice, inda doka ta yarje wa ɗan wasa ya yi naushi, ya yi shuri, ya yi kokawa, ya kuma ci gaba da faɗa bayan an kai ƙasa. Dalilin keɓe wa kareti babi guda shi ne, da wuya a sami wani salon faɗa da darajarsa ta sha hawa da sauka a wannan fage kamarsa. Kafin shekarar 1993, jama'a da dama sun ɗauka cewa mai baƙar ɗamarar kareti ba ya kayuwa, kuma finafinai sun taimaka ainun wajen dasa wannan ra'ayi. Bayan shekarar 1993 sai ra'ayin ya juya baki ɗaya, har kareti ya zama abin zolaya a bakin masu kallo. Daga shekarar 2009 kuma sai aka koma yabonsa. Abin da babin zai yi ƙoƙarin fayyacewa shi ne, wane ɓangare na kareti ne ya yi aiki a cikin keji, wanne ne bai yi ba, kuma mene ne dalili.

3.1 Wane Kareti Ake Nufi?

Wajibi ne a fara da wannan tambaya, domin yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu ta samo asali ne daga ɗaukar kareti a matsayin abu guda, alhali kuwa ba haka yake ba.

Asalin kareti daga tsibirin Okinawa ne, a zamanin daular Ryukyu, inda dabarun faɗa na 'yan ƙasa suka cuɗanya da waɗanda aka samo daga ƙasar Sin. Ƙasar Japan ta haɗe tsibirin a cikin mulkinta a shekarar 1879. A farkon ƙarni na 20 wani malami mai suna Anko Itosu ya shigar da kareti cikin makarantun Okinawa, kuma da yake yara ne za a koya wa, sai ya sauƙaƙa shi, ya mayar da hankali ga motsa jiki da horo. Almajirinsa Gichin Funakoshi (1868-1957) shi ne ya nuna shi a birnin Tokyo a shekarar 1922, daga nan ya zauna yana koyarwa, kuma salonsa ne aka sani da Shotokan. Abin lura a nan shi ne, karetin da Funakoshi ya zo da shi bai rasa kokawa ba. A littafinsa na shekarar 1935 mai suna Karate-do Kyohan akwai sashe guda na dabarun kayarwa. Sannu a hankali ne aka yi watsi da su, musamman da yake a Japan akwai judo wanda ya riga ya mallaki wannan fanni.

Horon kareti ya kasu kashi uku. Akwai kihon, wato maimaita naushi da shuri da kariya ɗaya bayan ɗaya. Akwai kata, wato jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai bisa tsarin da aka gada. Sai kumite, wato karawa da abokin hamayya. A kan wannan na ukun ne kareti ya rabu gida biyu, kuma wannan rabuwa ita ce ta shafi wannan nazari kai tsaye.

Gida na farko shi ne karetin maki. Ƙungiyar Kareti ta Japan, wato JKA, wadda aka kafa a shekarar 1949, ta shirya gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya a shekarar 1957, 'yan watanni bayan rasuwar Funakoshi. Ƙa'idar ita ce sundome, wato a tsayar da bugu dab da jikin abokin karawa. Wanda ya riga kai bugu mai tsabta shi ke da maki, sai alƙali ya tsayar da wasa, kowa ya koma mazauninsa. A tsarin Hukumar Kareti ta Duniya, wato WKF, naushi maki ɗaya ne, shuri a gangar jiki maki biyu, shuri a ka ko bugun wanda aka kayar maki uku. Wannan tsari ya haifar da 'yan wasa masu tsayawa nesa, masu tsalle-tsalle a kan yatsun ƙafa, masu shiga kamar walƙiya su fita.

Gida na biyu shi ne karetin bugu na gaske, wanda Masutatsu Oyama (1923-1994), haifaffen Koriya, ya assasa da sunan Kyokushin. An buɗe hedikwatarsa a Tokyo a shekarar 1964, aka yi gasar Japan ta farko a 1969, ta duniya kuma a 1975. A nan babu safar hannu, kuma bugu da iyakar ƙarfi ake yi. An yarda da shuri a cinya da haƙarƙari da kai, to amma an hana naushi a fuska. Saboda haka sai 'yan wasan wannan gida suka saba da tsayawa ƙirji da ƙirji suna musayar duka, suka yi suna wajen juriya da ƙarfin shuri, amma ba su saba kare fuska daga dunƙule ba.

Ke nan, kowane gida ya shiga gaurayen faɗa da abin da dokarsa ta koya masa, da kuma giɓin da dokar ta bar masa. Na farko ya san tazara da lokaci amma bai saba shan duka ba. Na biyu ya saba shan duka amma bai san tazarar naushin fuska ba. Dukkansu biyu kuwa ba su san ƙasa ba.

3.2 Gasannin Farko: 1993 Zuwa 1994

An gudanar da gasar UFC ta farko ranar 12 ga Nuwamba, 1993, a birnin Denver na jihar Colorado ta Amurka. Mutum takwas ne suka shiga, babu ajin nauyi, babu alƙalai masu ba da maki. Manufar waɗanda suka shirya ta, musamman Rorion Gracie, ita ce a gwada salo da salo, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa iyalan Gracie na son nuna fifikon jiyujitsun Burazil ne.

Karawar farko da aka nuna wa jama'a a wannan dare ta kasance tsakanin Gerard Gordeau na ƙasar Holan da wani ƙaton ɗan kokawar sumo mai suna Teila Tuli. An gabatar da Gordeau a matsayin ɗan savate, wato damben ƙafa na Faransa, amma tushen horonsa karetin Kyokushin ne. Cikin daƙiƙa 26 ya gama da Tuli da shuri a baki. Ya kuma doke Kevin Rosier ya kai wasan ƙarshe, inda Royce Gracie ya kai shi ƙasa ya shaƙe shi ta baya cikin ƙasa da minti biyu. Shi kuwa Zane Frazier, ɗan karetin Kenpo na Amurka, tun a karawar farko gajiya ta cim masa, Rosier ya tattake shi.

A gasa ta biyu, cikin watan Maris na 1994, an kawo Minoki Ichihara daga Japan. Wannan karawa tana da muhimmanci fiye da yadda aka saba ba ta, domin Ichihara ba ɗan karetin maki ba ne. Ya fito ne daga Daido Juku, makarantar da Takashi Azuma ya kafa a shekarar 1981 bayan ya bar Kyokushin, inda aka halatta naushin fuska da kayarwa. Wato dai shi ne ɗan karetin da ya fi kowa kusa da gaurayen faɗa a wancan lokaci. Duk da haka Royce Gracie ya kayar da shi, ya haye kansa, ya tilasta masa sallamawa bayan kimanin minti biyar. A wannan dare ne kuma Fred Ettish, wanda aka shigar a matsayin madadi ba tare da shiri ba, ya sha mummunan kashi a hannun Johnny Rhodes. Shekaru da dama masu zolayar kareti suna kafa hujja da hoton Ettish kwance a ƙasa, abin da ba adalci ba ne ga mutumin da aka tura fage bagatatan, kuma ya daɗe yana jurewa kafin ya sallama.

Ba kullum ne 'yan kareti suka kwashi kashinsu a hannu ba. A gasa ta uku, Keith Hackney na Kenpo ya doke Emmanuel Yarborough wanda ya ninka shi nauyi har sau uku, Harold Howard na salon Goju-ryu daga Kanada kuma ya kai wasan ƙarshe. Sai dai darasin da masu kallo suka ɗauka guda ɗaya ne: duk wanda bai san yadda zai hana a kayar da shi ba, ko yadda zai tashi in an kayar da shi, to shurinsa da naushinsa ba su da ranar amfani. Wannan hukunci bai tsaya kan kareti kaɗai ba, ya haɗa da 'yan damben boksin da 'yan taikwando. Kareti ne dai ya fi ɗaukar kunyar, saboda shi ne ya fi kowa suna kafin a fara.

3.3 Hanyar Da Ba A Cika Lura Da Ita Ba

A daidai lokacin da ake cewa kareti ya mutu, akwai wani reshe nasa da ke shiga keji da wani suna daban. A shekarar 1964 'yan Kyokushin uku sun je filin Lumpinee da ke Bankok suka kara da 'yan damben Tailan, wato Muay Thai. Biyu sun yi nasara, na ukun kuwa, Kenji Kurosaki, ya sha kashi. Wannan kashi ne ya sa Kurosaki ya duƙufa wajen nazarin damben Tailan, ya buɗe gidan horo na Mejiro a Tokyo. Wani ɗan Kyokushin daga Holan mai suna Jan Plas ya yi horo a can, ya koma Amsterdam ya buɗe nasa gidan da wannan suna a shekarar 1978. Daga nan da wasu gidajen horo irinsa ne salon damben ƙafa na Holan ya bunƙasa, wanda ya haɗa jerin naushin boksin da shurin cinya. Har wa yau, gasar K-1 da aka fara a 1993, wadda ta yaye 'yan wasa da yawa da suka tsallaka gaurayen faɗa, Kazuyoshi Ishii ne ya kafa ta, shi ma tsohon ɗan Kyokushin ne kuma mai makarantar karetin Seidokaikan.

Bas Rutten, wanda ya riƙe kambun Pancrase a Japan kuma ya ci kambun manyan masu nauyi na UFC a 1999, yana da baƙar ɗamarar Kyokushin. Haka nan Semmy Schilt, wanda ya fito daga karetin Ashihara, ya riƙe kambun Pancrase kafin ya ci babbar gasar K-1 har sau huɗu. Ba kasafai ake lissafa waɗannan a cikin nasarorin kareti ba, domin in suna faɗa ba sa kama da abin da mai kallo ya sani da kareti.

3.4 Lyoto Machida Da Dawowar Karetin Maki

Dokokin wasan sun sauya ƙwarai tsakanin 1993 da 2001. An shigo da ajin nauyi, da safar hannu, da turmi na minti biyar-biyar, uku a karawa ta yau da kullum, biyar a ta kambu, da kuma alƙalai uku masu ba da maki. A wannan tsakani 'yan wasa suka fahimci cewa tilas kowa ya koyi komai. Mutum irin Chuck Liddell, wanda ya fara da karetin Koei-Kan yana yaro kuma ya yi kokawa a jami'a, ya nuna cewa ana iya amfani da kokawa a hana kayarwa, domin a tilasta wa abokin karawa faɗan tsaye. Ya riƙe kambun ajin kilo 93 daga 2005 zuwa 2007. Wannan shi ne ya share fagen abin da ya biyo baya.

An haifi Lyoto Machida a shekarar 1978 a birnin Salvador na Burazil, ya tashi a Belem. Mahaifinsa Yoshizo Machida malamin Shotokan ne da ya yi ƙaura daga Japan. Lyoto ya fara horo yana ɗan shekara uku, ya sami baƙar ɗamara yana da shekara 13. Amma abin da masu yabon kareti kan tsallake shi ne, ya yi kokawar sumo tun yana yaro, ya kuma koyi jiyujitsu har ya kai baƙar ɗamara. Sumo ce ta ba shi ƙarfin ƙugu da daidaiton tsayuwa da suka sa kayar da shi ya yi wuya. In ba don haka ba, da abin da ya sami Ichihara shi ma zai same shi.

Ya shiga UFC a 2007. Da farko masu kallo ba su so shi ba, domin yakan tsaya nesa, jiki a karkace, kai a baya, yana ja da baya yana zagaye, sai abokin karawa ya yi ta naushin iska. Dabarar kuwa ita ce a gajiyar da haƙurin mutum. Duk wanda ya gaji da bin sa ya yi kukan kura ya afko, sai Machida ya daina ja da baya, ya tarbe shi da miƙaƙƙen naushin hagu daga hannun baya, wanda 'yan kareti ke kira gyaku-zuki. Ƙarfin wannan naushi ba daga hannun mai yin sa kaɗai yake fitowa ba, har da saurin wanda ya taho, kamar mutumin da ya yi karo da ƙyauren da bai gani ba. Ranar 23 ga Mayu, 2009, ya sumar da Rashad Evans a turmi na biyu ya karɓi kambun ajin kilo 93, a lokacin ba a taɓa doke shi ba a karawa 15. A jawabinsa na bayan wasa ya shelanta cewa kareti ya dawo. Misali mafi bayyana na wannan dabara shi ne karawarsa da Ryan Bader a 2012, inda Bader ya yi haƙuri na turmi guda, a na biyu ya rugo, naushi ɗaya ya kwantar da shi.

Zamanin Machida bai yi tsawon da aka yi hasashe ba. A watan Oktoba na 2009 ya kara da Mauricio Rua, ɗan ƙasarsa mai salon damben Tailan. Rua ya ƙi yin gaggawa, ya ƙi bin kan Machida, ya yi ta saran cinyarsa da haƙarƙarinsa da ƙauri har turmi biyar. Alƙalai uku sun ba Machida nasara da maki 48 da 47, hukuncin da akasarin masu kallo suka ƙi amincewa da shi. Da aka sake karawa a watan Mayu na 2010, Rua ya sumar da shi a turmin farko. A watan Disamba na 2011 kuma Jon Jones ya matse shi a jikin keji ya shaƙe shi a tsaye har ya suma, duk da cewa Machida ya wahalar da shi a turmin farko. Tsakanin waɗannan biyun ne, a watan Afrilu na 2011 a Toronto, ya sumar da Randy Couture da shurin gaba na tsalle. Ya sake yin shurin gaba a haɓar Vitor Belfort a 2018.

3.5 Abin Da Ya Sa Dabarun Suka Yi Aiki

Ana iya tambaya, me ya sa salon da ba ya cin kasuwa a damben boksin ko damben ƙafa ya ci a keji? Amsar tana cikin kayan wasan da filinsa.

Da farko akwai safar hannu. Ta gaurayen faɗa nauyinta kimanin giram 113 ne, ta boksin kuwa ta ninka haka ko fiye. Ɗan boksin na iya ɓoye fuskarsa a bayan manyan safofinsa ya jira ruwan naushi ya wuce. A keji wannan kariya ba ta wadatarwa, domin ƙaramin dunƙule na ratsawa ta tsakiya ko ya zagaya ta gefe. Saboda haka kariyar da ta fi inganci ita ce mutum ya kasance ba ya wurin da naushin zai sauka, wannan kuwa shi ne abin da ɗan karetin maki ya shekara yana koyo, tun da a wasansa taɓawa ɗaya asarar maki ce. Wannan sanin tazara shi ake kira maai. Ƙaramar safa har ila yau ta sa bugu ɗaya mai kyau na iya gama faɗa, abin da ya dace da tarbiyyar Shotokan ta neman bugu guda mai yanke hukunci.

Na biyu shi ne fili. Babban kejin UFC faɗinsa ƙafa 30 ne, wato kimanin mita tara, kuma da yake kusurwa takwas gare shi, babu lungu mai matsi irin na dandalin boksin da za a ritsa mutum a ciki. Mai yawo da ƙafa ya sami sarari ke nan.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne barazanar kokawa. Ɗan kokawa na buƙatar ya matso kusa kafin ya kai hannu ga ƙafafu. Wanda ya tsaya a tazarar boksin yana cikin hannunsa. Wanda ya tsaya a tazarar kareti kuwa, sai an yi taku ɗaya ko biyu kafin a cim masa, kuma a cikin wannan taku ne ake tarbar mai tahowa. 'Yan kareti sun raba lokacin kai bugu gida-gida. Go no sen shi ne a bar harin ya wuce sannan a rama. Sen no sen shi ne a kai bugu a daidai lokacin da abokin karawa ya fara nasa harin. Wannan na biyun shi ne jarin Machida.

Game da shuri, mae-geri, wato shurin gaba da tushen yatsun ƙafa, ya bambanta da na damben Tailan wanda galibi turawa yake yi. Na kareti fizga ake yi, yana tasowa daga ƙasa ta tsakanin hannuwa, inda ido bai cika kallo ba. Katsunori Kikuno na Japan ya yi suna da wani nau'insa da yake soka wa a hanta. Akwai kuma yoko-geri, shurin gefe da ƙafar gaba, wanda ke aiki kamar sanda wajen tsare mai matsowa, da ashi-barai, wato taɗiya, wadda Machida ya sha kayar da mutane da ita ba tare da ya sunkuya ba. Wasu abubuwan kuwa ba su tsallako ba ko kaɗan. Mayar da dunƙule ƙugu bayan naushi, da tsayuwa mai zurfi ta kihon, da manyan kariyoyin nan na damtse, babu mai yin su a keji kamar yadda ake koyar da su.

3.6 Inda Salon Ke Da Rauni

Stephen Thompson na jihar Carolina ta Kudu, wanda mahaifinsa Ray Thompson ya horar da shi a karetin Kempo tun yana ƙarami, shi ne ya fi kowa nuna ƙarfin salon da rauninsa a tare. Yakan tsaya a gefe sosai, hannuwa a ƙasa. Ya shiga UFC a watan Fabrairu na 2012 da shuri a ka, ya sumar da Jake Ellenberger da shurin juyi a 2015, ya gama da tsohon zakara Johny Hendricks a turmin farko a 2016. Amma sau biyu ya nemi kambun ajin kilo 77 a hannun Tyron Woodley bai samu ba. Ta farko, a Nuwamban 2016, an tashi kunnen doki. Ta biyu, a Maris na 2017, Woodley ya yi nasara da ƙyar a karawar da 'yan kallo suka yi ta yi wa ihu saboda rashin motsi. Dalilin a fili yake. Woodley ya jingina da keji ya ƙi tahowa, mai jiran a taho masa kuma in ba a taho ba, ba shi da abin yi da yawa. Alƙalai kuwa bugu suke ƙirgawa, ba kaucewa ba. A shekarar 2021 Gilbert Burns da Belal Muhammad duk sun doke shi ta hanyar kayarwa da dannewa, wato dai tsohon darasin 1993.

Rauni na biyu shi ne ƙafar gaba. Tsayuwa mai faɗi a karkace tana barin ƙafar a waje, kuma ɗaga ta domin tare shuri da ƙauri yana da wuya. Rua ya nuna haka a kan cinya, daga baya kuma da shurin sha-raɓa ya yawaita, matsalar ta ƙaru, domin in ƙafa ta mutu, shiga da fita sun ƙare. Henry Cejudo, wanda ya ci zinariyar kokawa a gasar Olimfik ta 2008, ya ari tsayuwar kareti ya yi nasara da ita a wasu karawa. Amma a watan Yuni na 2019 Marlon Moraes ya sassare masa ƙafafu a turmin farko, dole ya watsar da tsayuwar ya matsa kusa, ta haka ne ya yi nasara a turmi na uku.

Rauni na uku yana tattare da harin ruguguwa, wato shiga a miƙe da jerin naushi. Robert Whittaker na Ostareliya, wanda ya fara karetin Goju-ryu yana ɗan shekara bakwai, ya kai ga kambun ajin kilo 84 a 2017 da irin wannan hari. A watan Oktoba na 2019 a birnin Melbourne, gaban 'yan kallo sama da 57,000, Israel Adesanya, haifaffen Legas, ya karanci shigowarsa, ya riƙa lanƙwasawa baya yana tarbar sa da naushin gefe. Ya kayar da shi a ƙarshen turmin farko, ya gama da shi a na biyu. Mai shiga a miƙe da haɓa a sama, in an gane lokacinsa, shi ma ya zama Bader.

3.7 Wa Ke Da Yabon?

Batun Georges St-Pierre na Kanada ya isa misali a kan wahalar wannan tambaya. Ya fara Kyokushin yana ɗan shekara bakwai, yakan shigo fili da rigar kareti da ɗaurin goshi. Ya ci kambun ajin kilo 77 a 2006, ya rasa shi a 2007, ya ƙwato shi a 2008, ya kare shi sau tara a jere, sannan a 2017 ya ci na kilo 84. To amma makaminsa mafi girma shi ne kayarwa, duk da cewa bai yi kokawa a makaranta ba. Shi da kansa ya sha danganta iya kayarwarsa da kareti, wato iya rufe tazara cikin taku ɗaya a lokacin da abokin karawa bai zata ba. In haka ne, abin da kareti ya ba shi ƙafa ce da ido, ba wani bugu na musamman ba. Haka abin yake ga Kyoji Horiguchi na Japan, ɗan Shotokan da ya riƙe kambun Rizin a 2018 da na Bellator a 2019, wanda tsallensa na kareti ne amma sauran kayan aikinsa a gidajen horon gaurayen faɗa ya tara su.

Masu cewa kareti ne ya ci waɗannan kambuna sun wuce gona da iri, domin babu ɗaya daga cikin waɗanda aka ambata da ya yi nasara da abin da ake koyarwa a makarantar kareti kaɗai. Masu cewa kareti bai ba da komai ba su ma hujjarsu ba ta tsaya ba, domin kafin Machida babu mai tsayawa a wannan tazara a manyan gasanni, bayansa kuwa har waɗanda ba su taɓa ɗaura ɗamara ba sun are ta. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, kumite ne ya tsallaka, kuma ya tsallaka ne a jikin mutanen da suka fara shi tun suna yara, sannan suka yarda aka naushe su a fuska, aka kuma kayar da su a wajen horo.

Shi kuwa karetin maki a nasa fagen, hanyarsa ta ƙara nisa da ta keji. An shigar da shi gasar Olimfik karo na farko a wasannin Tokyo da aka yi a 2021. A wasan ƙarshe na maza masu nauyin sama da kilo 75, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki 4 da 1 sai ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, ya faɗi sumamme. Alƙalai suka kori Hamedi saboda rashin tsayar da bugu, aka ba wanda aka fitar a kan gadon ɗaukar marasa lafiya zinariya. A keji wannan shuri shi ne zai zama nasara. Ba a saka kareti a wasannin Paris na 2024 ba. Tun a shekarar 2018 kuma aka fara wata gasa mai suna Karate Combat, inda ake bugu da iyakar ƙarfi da ƙananan safofi a cikin wani rami mai gangaren bango, kuma wasu fitattun 'yan WKF, irin su Rafael Aghayev na Azarbaijan wanda ya ci azurfa a Tokyo, sun shiga cikinta.